Tsohuwa Mai Waina Da Kyanwarta: Tarihin Wani Labari Da Muka Bari A Ƙauye

Yau na ɗan jingine labarin soyayya a gefe, domin in yi magana a kan wani reshe na ƙagaggun labarai da Turawa suka daɗe suna cin kasuwarsa, mu kuwa ga kayan haɗinsa jibge a ƙauyukanmu amma ban ga mun ɗora tukunyar ba. Wato labarin bincike na cikin ruwan sanyi, wanda ba a harbi a cikinsa, ba a nuna jini, kuma mai gano gaskiyar ba ɗan sanda ba ne. Galibi mace ce mai 'yar sana'arta a ƙaramin gari, ga kyanwa ko kare a gindinta, ga tanda a kan wuta, sai wani abu ya faru a unguwa ta shiga tambaye-tambaye har ta kamo bakin zaren.

Uwar wannan salo ita ce Agatha Christie ta Ingila. A 1927 ta fara fito da wata tsohuwa mai suna Miss Marple a cikin gajeren labari, a 1930 kuma ta ba ta cikakken littafi. Tsohuwar ba ta taɓa aure ba, aikinta saƙa da kula da lambu a ƙauyen St Mary Mead, kuma makaminta ɗaya ne: ta san halin mutanen ƙauyensu ciki da bai, saboda haka duk wanda ta gani sai ta auna shi da wani da ta sani. Amurkawa ne suka ƙara wa miyar gishiri. A 1966 Lilian Jackson Braun ta kawo kyanwa mai suna Koko tana taya wani ɗan jarida bincike. A 1990 Diane Mott Davidson ta fara jerin littattafanta na wata mai dafa abincin biki, har da yadda ake girkin a tsakiyar labarin, sannan a 2000 Joanne Fluke ta zo da Hannah Swensen mai shagon gashin biskit a jihar Minnesota. Nahiyarmu ma ta samu nata a 1998, lokacin da Alexander McCall Smith ya ƙirƙiro Mma Ramotswe ta Botswana, wadda ta buɗe ofishin bincike da kuɗin shanun da mahaifinta ya bar mata.

To mu fa? Shekara uku kacal ke tsakanin littafin Miss Marple da gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Idan mai karatu ya duba su da kyau zai ga akwai laifi a cikinsu, akwai zamba, akwai ɓarayi, domin Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo kusan gaba ɗayansa dabarun sata ne. Sai dai gwanin labarin shi ne mai wayon da ya shirya dabarar, kamar dai yadda Gizo yake a tatsuniya. Wanda zai bi diddigi ya warware ƙullin ba shi da kujera. Abin da ya fi kusa da mai bincike a wancan zamani, abin dariya, tsuntsu ne. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, aku ne yake riƙe ɗan sarki da labarai dare bayan dare har makircin Waziri ya wargaje. Ke nan akunmu ya riga kyanwar Amurkawa aiki da kusan shekara 30, mu ne dai ba mu bi bayansa ba.

Da labarin laifi ya dawo da ƙarfinsa, ta birni ya shigo. A 1982 aka buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan 'yan fasa-ƙwauri, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a kan tsohon soja da ya zama uban 'yan ta'adda bayan yaƙin basasa. Ga kuma littattafan James Hadley Chase da suka cika akwatunan 'yan sakandare, muna karɓar aro bango a yage. Da namu adabin na kasuwa ya kankama bayan Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed a 1984, soyayya da zaman aure suka kwashe kaso mafi tsoka, irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih kuma suka riƙe ɓangaren sarƙaƙiya da tashin hankali. Amma duk inda aka je aka dawo, mota ce da bindiga da otal da jami'in farin kaya. Ƙauye kuwa wurin da ake ɗauko yarinya ne a kawo ta birni, ko a mayar da ita idan an sake ta. Ni ma da nake wannan magana haka kasuwa ta koya mini, domin mai shagon haya zai gaya maka a fili cewa 'yan mata ba sa biyan kuɗi su karanta labarin rumbu.

Alhali kuwa duk wanda ya san ƙasar da ke arewacin birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa da Bichi da Makoɗa da Ɗambatta, ya san babu inda ya fi ta dacewa da irin wannan labari. Nan babu dajin da mutum zai ɓuya. Gona tana jingine da gona, ana nomanta kowace damina ba hutu, iyakarta 'yar shukar gamba ce ko lalle, kuma kowace ɗorawa da kuka da gawo akwai mai ita. Bature Michael Mortimore da ya yi nazarin yankin tun shekarun 1960 ya shata shi ne da yawan jama'a, fiye da mutum 350 a kowace murabba'in mil. Gidaje a warwatse suke cikin gonaki, burtali ya ratsa, hanyar ƙafa ta bi ta ƙofar kowa. A da, da rani jakuna kan yi jigilar taki daga birni, da damina awaki suna turke. A irin wannan wuri idan baƙon takalmi ya taka rairayi da asuba, kafin hantsi an san ba na ɗan gari ba ne.

Tsarin bincike na hukuma ma daɗaɗɗe ne. Ƙara tana tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, sannan alƙali. Akwai dogarai, akwai 'yan doka na En'e waɗanda gwamnatin soja ta haɗe da 'yan sandan tarayya bayan juyin mulkin 1966. Akwai maharba masu bin sawu, waɗanda dattawa ke cewa suna iya bambance sawun mai ɗauke da kaya da na wanda ke tafe hannu sake. Akwai kuma masu zuwa wurin duba, da masu sa a karanta wa ɓarawo Yasin. Duk wannan na maza ne, a zaure da ƙofar fada ake yinsa.

Na mata yana can cikin gida, kuma a ganina ya fi na zauren kaifi. Polly Hill ta rubuta tun 1969 a kan cinikin da matan kulle ke yi ba tare da sun taka kasuwa ba. Abin da takardar ilimi ba za ta iya ɗauka ba shi ne yawan labarin da ke tafiya a ƙarƙashin faifan talla. Yarinya mai tallan waina tana shiga gida goma kafin azahar, kuma ba a yi mata shamaki. Ta ga wanda aka yi wa sabon ɗinki, ta ga inda aka kwana ba a hura wuta ba, ta dawo ta zazzage wa mai tanda duka tare da cinikin. Ga dillaliya da ta san wadda ta fitar da kwallarta a ɓoye, ga ungozoma da ta san lissafin watanni, ga mai kitso da kai ke kwance a cinyarta baki yana zuba. Batun gashi da tuya kuwa ba mu da abin roƙo a wurin kowa: gurasa a tanderu wadda Larabawan da suka zauna a Kano suka bar mana, waina a tanda, ƙosai, ƙuliƙuli, ga alkaki da nakiya da dubulan na gara.

Kakata ta wajen uwa mai waina ce a wani ƙauye a ƙasar Bichi, kuma na ga aikinta da idona ina aji biyu na sakandare. An wayi gari babu akuyar maƙwabciyarta, an kwance ta daga turke cikin dare. Nan take maza suka ɗora zargi a kan wani yaro ɗan ci-rani da ke kwana a zauren mai unguwa, har samari sun fara yanko tsumagiya. Tsohuwar ba ta ce uffan ba. Abu uku ta haɗa. Na farko, zabin gidan ba su yi kuka ba a daren, su da ko kare ya gifta sai sun tashi unguwa, ke nan wanda ya shiga ya san inda suke kwana ya kauce musu. Na biyu, 'yar tallanta ta ce a wani gida an aiki yaro sayen yaji da kanwa da yawa, gidan da ke da mai jego amma kowa ya san ba su da halin yanka. Na uku, kyanwarta da ba ta wuce ƙanzo ta dawo da baki yana maiƙo ta ƙi kallon kwano, kuma ta kan dangar gidan nan aka ga ta diro.

Bayan la'asar ta yafa mayafi ta tafi barka da kwanon waina. Ta keɓe da uwar maigidan, abin da na ji ta faɗa kawai shi ne, "Yaya, yaron nan na zaure marayan Allah ne, kada a dake shi a kan abin da ni da ke muka sani." Ashe ɗan ƙanin mijin mai akuyar ne ya yi, kunyar surukai ta sa shi, don matarsa ta haihu babu ko ƙashin da za a yi mata romo. Kwana biyu sai ga wata 'yar akuya an kawo wa maƙwabciyar da sunan kiwo, mai unguwa ya ce a bar maganar, ɗan ci-rani ya ci gaba da kwanansa. Har tsohuwar ta rasu, a wajen gidajen nan uku babu wanda ya ji sunan wanda ya kwance akuyar.

A nan ne na gane abin da ya hana labarin nan shiga littattafanmu. Na Turawa yana ƙarewa ne da a tara kowa a falo a nuna mai laifi da yatsa, ɗan sanda ya tafi da shi. Mu kuwa a wurinmu wanda ya yi haka ya tona asiri, kuma sunan mai bin diddigin mutane ɗan sa-ido ne ko magulmaci. Suratul Hujurati ta hana zato da binciken sirrin mutane, kowa ya tashi da wannan a kunnensa. A gaban alƙali ma bakin kyanwa ba hujja ba ne, shaidu ake nema, ko iƙirari, ko rantsuwa. Saboda haka marubucin da ya sa tsohuwa ta tsaya a dandali tana fallasa ɗan wani, mai karatu zai tsane ta ne maimakon ya so ta. Kuma kada mu manta, tsohuwar da ta cika sanin abin da ba a gaya mata ba, a wasu ƙauyukan maita ake jifanta da ita, an kuwa sha jin yadda irin wannan zargi ke ƙarewa.

Ni a wurina wannan matsalar ita ce ma daɗin labarin. Tsohuwarmu aiki biyu ne a kanta: ta gano, sannan ta yanke wa za ta gaya wa, da kuma yaushe. Satar akuya ana rufe ta da kiwo. To idan 'yar tallar ce ta dawo da kuɗin da ya fi cinikinta, tana tafiya tana ɗingishi, ta ƙi haɗa ido da kowa, kuma shagon da ta daɗe a ciki na ɗan mai unguwa ne? Nan rufin asiri ya zama taya zalunci, kuma duk wanda ke sauraren shirin Inda Ranka na gidan rediyon Freedom ya san ba ƙirƙira nake yi ba. Miss Marple ba ta taɓa shiga wannan tsaka mai wuya ba, domin ita da ta gano sai ta miƙa wa sufeto ta koma saƙarta. Tamu kuwa gobe da safe dole ta hura wuta ta sayar wa uwar yaron waina, kuma jikarta ce za ta kai mata har ɗaki.