Arirang: Tsohuwar Waƙar Da 'Yan K-pop Suka Ƙi Yarwa

A nan Sule Tankarkar, ƙannena mata sun haddace sunayen 'yan BTS kaf, amma da na tambaye su mene ne Arirang sai suka yi tsuru-tsuru. Shi ya sa na ce bari in ɗan yi bayani.

Arirang waƙar gargajiya ce ta mutanen Koriya, mai jigon rabuwa da kewa. Ba a san wanda ya fara rera ta ba, kuma kowane yanki da irin tasa, kamar dai waƙoƙin gaɗa da na daka a wajenmu.

Ta zama waƙar ƙasa ne lokacin da Japan ke mulkin Koriya, daga 1910 zuwa 1945. A 1926 Na Woon-gyu ya fitar da fim mai suna Arirang, waƙar ta bi bakin jama'a, ta zama hanyar kukan zuci ga mutanen da aka ƙwace wa ƙasa. Ko bayan Koriya ta rabu biyu, duk suna rera ta. Da ita 'yan wasan Kudu da na Arewa suka shiga fili tare a gasar Olamfik ta Sydney a 2000. UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2012 da sunan Kudu, a 2014 kuma da sunan Arewa.

Waƙar zamani ba ta binne gargajiyar ba. Seo Taiji and Boys, waɗanda suka buɗe ƙofar K-pop a 1992, sun sa busar taepyeongso, 'yar'uwar algaitarmu, a waƙarsu Hayeoga a 1993. Suga na BTS ya gina Daechwita ta 2020 a kan kiɗan rakiyar sarakunansu. Ranar da na fara jin ta, wallahi hawan Sallah na Gumel na tuna.

To mu fa? Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Yanzu yawancin waƙoƙin fim a fiyano ake haɗa su, da ƙamshin Indiya, kalangu da kuntigi da ƙwarya sai jefi-jefi. Kakata ta iya waƙoƙin daɓe da ban taɓa jin su a bakin kowa ba. Gobe da yamma zan je in naɗe su a waya.