Tarihin intanet a taƙaice, da yadda ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suka shiga cikinta

Da yawa daga cikin ɗaliban shekarar farko suna ɗaukar intanet abin da ke cikin salula ne kawai. A wannan ɗan rubutu za mu bi sawunta tun daga tushe, sa'an nan mu tsaya a kan abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu nazarin harshe, wato matsayin haruffanmu masu lanƙwasa.

Intanet ba na'ura guda ba ce. Tarin kwamfutoci ne da ke magana da juna bisa ƙa'ida ɗaya. Mafarinta ARPANET, wadda ma'aikatar tsaron Amurka ta ba da kuɗin kafawa. Ran 29 ga Oktoba 1969 aka aika saƙon farko daga jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles zuwa cibiyar bincike ta Stanford. LOGIN aka so rubutawa, amma bayan L da O sai na'urar ta tsaya. A ƙarshen shekarar wurare 4 ne kacal aka haɗa.

Dabarar da komi ya dogara a kanta ita ce wannan: saƙo ba ya kama layi shi kaɗai kamar maganar tarho. Ana yayyanka shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da adireshinsa, kowanne ya bi hanyar da ya samu, a mayar da su wuri ɗaya a inda suka sauka. Paul Baran a Amurka da Donald Davies a Ingila suka gano haka a shekarun 1960, ba tare da ɗaya ya san aikin ɗaya ba. A Faransa kuma Louis Pouzin, da shirinsa CYCLADES na farkon shekarun 1970, ya ɗora nauyin tabbatar da isar saƙo a kan kwamfutocin da ke baki biyu, ba a kan layin ba. Vinton Cerf da Robert Kahn sun amfana da wannan ra'ayi a aikinsu na 1974, wanda ya haifi ƙa'idar TCP/IP. ARPANET ta koma kanta ran 1 ga Janairu 1983. Faransa dai ta bar Pouzin ta rungumi Minitel, wanda aka rufe a 2012. A ganinmu ta yar da babba ta ɗauki ƙarami.

Kada a rikita intanet da yanar gizo. Intanet ita ce hanya, yanar gizo kuwa ɗaya ce daga cikin abubuwan da ke bin ta. Tim Berners-Lee ya tsara ta a 1989 a cibiyar CERN kusa da Janeba, kuma a 1993 cibiyar ta bar wa kowa ita kyauta. A Nijar an yi rajistar alamar ƙasa, .ne, a 1996.

To, ina Hausa a cikin wannan duka? Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Jadawalin ASCII na 1963 yana da gurabe 128, kuma don Ingilishi aka yi shi. Na ISO 8859-1, na 1987, ya kai 256, ya ba Faransanci é, è da ç, ko da yake shi ma bai sami œ ba. Hausa ba ta sami ko gurbi ɗaya ba, alhali taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1978, duka a ƙarƙashin UNESCO, sun riga sun yi aikin daidaita abacadan harsunan Afirka. Sai masu bincike suka dinga ƙera zubin haruffa na musamman, su sace gurbin wata alama su sa ƙ a ciki. Rubutun yana kyau a na'urar mai shi. In ya je ta wani sai ya fito a hargitse. Mafi yawan marubuta sai suka zaɓi hanya mai sauƙi, suka yar da lanƙwasar.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, don haka tun asali mai karatu yana dogara da mahallin jimla. In aka ƙara cire lanƙwasa, ƙare ya zama kare, ɓata ta zama bata, faɗa da fada suka zama ɗaya, ƙasa kuma ba a bambanta ta da kasa.

Unicode, da ya fito a 1991, ya ba kowane harafinmu lambarsa ta din-din-din: ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ 01B4. Tsarin UTF-8 na 1992 ya sa lambobin suka iya bin layukan da aka shimfiɗa don ASCII, kuma daga 2008 ya zarce sauran tsare-tsare a yanar gizo. Ta fuskar na'ura an gama magana ke nan. Amma ɗabi'ar da aka koya a zamanin rashi ba ta tafi ba, ga kuma bambancin ƙa'ida tsakanin ƙasashen biyu: mu a Nijar muna rubuta ƴa, a Nijeriya 'ya, mai gaggawa kuma ya rubuta ya. Ɗalibin da zai tattara matani daga intanet don nazarin kalmomi dole ya nemi kowace siga daban, domin a wurin kwamfuta kalmomi 3 ne.