Hitachi Maru: Jirgin Fasinjan Teku na Farko Mai Girma da Japan ta Ƙera

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi diddigin tarihin jirgin ruwan nan mai aiki da tururi, wato Hitachi Maru, domin a ga yadda ƙasar Japan ta tashi daga sayen jirage zuwa ƙera su da kanta. Sunan jirgin kashi biyu ne. Hitachi sunan wani tsohon lardi ne na ƙasar, ita kuwa "maru" ma'anarta da'ira, kuma al'ada ce a liƙa ta a ƙarshen sunayen jiragen kasuwanci.

2.0 Asalinsa

A shekarar 1853 jiragen yaƙin Amurka suka shiga ruwan Japan, wasunsu na aiki da tururi, alhali ƙasar ba ta da irinsu. Bayan juyin mulkin Meiji na 1868, sai shugabanni suka fahimci cewa duk ƙasar da ba ta da jiragenta, cinikinta yana hannun wasu. An kafa kamfanin Nippon Yusen Kaisha a 1885, ya kuma buɗe hanyar Turai a 1896 da jirgin Tosa Maru, wanda ƙirar Birtaniya ne. A wannan shekara ce gwamnati ta yi dokokin ba da tallafi ga masu sufurin teku da maƙera jirage.

Yawancin sababbin jiragen da kamfanin ya yi oda a Birtaniya aka ƙera su, amma aka danƙa aikin Hitachi Maru ga maƙerar Mitsubishi da ke Nagasaki. Aikin bai zo da sauƙi ba, domin jami'in binciken Lloyd's ya ƙi amincewa da ƙusoshin da suka haɗa farantan ƙarfen jikinsa. Rashin wannan shaida kuwa yana nufin wahalar samun inshora. Sai da aka sake bincike kafin a kammala shi a 1898, da girman tan 6,172. Daga nan ya riƙa zirga-zirga tsakanin Yokohama da Landan da Antwerp ta mashigin Suwez.

3.0 Ƙarshensa

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Japan da Rasha a 1904, sai aka mayar da shi jirgin jigilar soja. Ranar 15 ga Yuni, 1904, jirgin yaƙin Rasha mai suna Gromoboi ya tare shi a tekun da ke tsakanin Japan da Koriya. Sojojin da ke ciki suka ƙi miƙa wuya, aka nutsar da shi. Fiye da mutum 1,000 suka halaka, ciki har da kyaftin ɗinsa, John Campbell, mutumin Birtaniya.

4.0 Kammalawa

Shekara shida kacal jirgin ya yi yana aiki. Duk da haka, ƙwarewar da maƙeran Nagasaki suka samu a kansa ba ta nutse tare da shi ba, domin a 1908 sun kammala Tenyo Maru, wanda ya ninka shi girma fiye da sau biyu.