Furar Rana, Abincin Wanda Ba Shi da Lokacin Zama

Ana yawan cewa rashin lokaci ne ya ɓata mana cima, wai mutanen da suna da sukunin zama su jira tukunya, mu kuwa aiki ya sha mana kai. Ban yarda da wannan magana ba. Manomin da ke noman farko a tsakiyar damina, da marinin da ke tsaye a bakin karofi, da falken da ya ɗaure kaya zai nufi Gwanja, babu ɗayansu da ke da lokacin ɓatarwa da rana tsaka. A yawancin gidajen ƙasar Hausa girki mai nauyi sau ɗaya ake yi, wato tuwon dare, da safe a yi ɗumame ko a sha koko. Tsakanin hantsi da la'asar kuwa, fura ce ke riƙe da cikin mai aiki. Ita ce abincin gaggawar kakanninmu, kuma sun daɗe suna gyara ta har ta dace da mutumin da ba zai zauna ba.

Tushenta gero ne, gero kuwa ɗan gida ne. Masu tono kayan tarihi sun sami alamun geron noma a kwarin Tilemsi da ke arewacin Mali, waɗanda suka kai shekara 4,500 ko kusa da haka, kuma daga wannan yanki namu ya bazu har ya kai Indiya. Abin da ya sa ya kama ƙasarmu a fili yake. Yana yi a jigawa, ruwa kaɗan ya ishe shi, cikin wata uku ya nuna. Shi ke fara fitar da manomi daga yunwar damina, yara su gasa tumu tun dawa da maiwa ba su fitar da kai ba. In aka ɗaure shi dami-dami aka zuba a rumbu, sai ya yi shekaru bai lalace ba.

Kakata ta wajen uwa furar sayarwa take yi a wani ƙauye gabas da Katsina, don haka na ga aikin da idona. Sai an surfe geron, a bakace dusar, a wanke, a bar shi ya tsane. Sannan a daka shi da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a tankaɗe, a yayyafa ruwa a cura manya-manya, a jefa cikin tafasasshen ruwa. In ya dahu a tsame a zuba a turmi, a kirɓa da zafinsa har ya yi danƙo. Kirɓi shi ne wurin wahala, mata biyu ke yinsa, taɓarya na sauka wata na tashi, gumi na zuba. Daga nan a cura ƙanana, a mirgina su cikin gari don kada su manne, a jera a ƙwarya a rufe da faifai. Dawo ke nan. Kafin azahar takan kira ni, ta ce, "Maigidana, zo ka kai wa kawunka gona kada rana ta dafa shi." Kawu kuwa zai jingine fartanya, ya zauna gindin gawo, ya dama da ludayi, ya sha, ya tashi. Bai fi minti goma ba.

A nan asirin yake. Minti goman kawu a gona, awa huɗu ko biyar ne na mata a gindin turmi. An riga an biya kuɗin saurin tun da safe, kuma hannun mace ne ya biya. Abin da ya isa ga mai sha dafaffe ne, ba ya neman wuta, ba ya neman miya, yana kwana bai lalace ba, kuma abinci ne da abin sha a ƙwarya ɗaya, a ƙasar da ƙishirwa kan riga yunwa kayar da mutum. In akwai nono a dama da shi, in babu a yi farau-farau da ruwa. Wanda bai sami dafaffiya ba ya sha gumba.

Fatake su suka fi kowa sanin darajarta. Ayarin goro da ke tashi daga Kano ko Katsina a ƙarni na 19, ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafi da fatu a kan jakuna, yakan haye Kwara ta wajen Yawuri, ya ratsa Borgu, ya bi ta Yandi ya sauka Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Tun da asuba madugu ke ba da izinin tashi, ba a sauke kaya sai an kai zango, saboda haka babu maganar hura wuta a hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya: garin gero mai yaji, da dakuwa, da kilishi, an tanade su tun daga gida, mata kuma na bin ayarin suna daka a zango. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 Hausawan garin suka watsu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara, suka tafi da furarsu, shi ya sa har yau ake sayar da ita a zangon Kumasi da unguwar Nima ta Ankara. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya ambaci fura a wurare da dama cikin labarin tafiyarsa, a matsayin abin da matafiyi ke samu a hanya kuma ake tarbar baƙo da shi. Ta arewa ma haka ne. Ayarin raƙuman Abzinawa da ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma gero yake kaiwa ya karɓo gishiri da dabino, kuma abin da ke riƙe su a cikin rairayi gero ne da aka daka da cuku da dabino, a dama da ruwan salka.

Nono kuwa ya kawo Bafulatana cikin labarin. A al'adar makiyaya, garke na maigida ne amma nono da man shanu na mace ne, da kuɗinsu take sayen hatsi da gishiri da kayan ɗaki. Manomi ya girbe, shanu su shiga gona su ci kara su bar taki, matar makiyayi ta kawo kindirmo ta karɓi gero. Ƙwaryar fura da nono shaidar wannan zama ce, kuma ina jin ciwo duk lokacin da na tuna yadda zaman ya taɓarɓare a Zamfara da yammacin Katsina. A cikin gari kuma matan kulle ne ke da kasuwar dawo. Baturiyar Ingila Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa a 1967, ta rubuta yadda ciniki mai yawa ke gudana a bayan katanga, mata na sayar da hatsi da man gyaɗa da dafaffen abinci ta hannun yara 'yan talla, ba tare da sun taka kasuwa ba. Da ribar fura aka aurar da 'yan mata da yawa.

Canjin ya fara ne a hankali. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa suka shigo hannun talaka, kantunan Turawa suka kawo sukari na ƙwaya da ganyen shayi da madarar gwangwani. Amma abin bai yi ƙarfi ba sai bayan samun 'yancin kai. Kamfanin Flour Mills ya fara niƙa alkamar ƙasashen waje a Apapa a 1962, fulawa ta yi araha. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya kashe shanu ba adadi, ya ƙone gero, ya koro dubban mutane zuwa birane. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur suka ɓarke, aka yi ƙarin albashin Udoji. Ma'aikacin da ya sayi babur da rediyo ya fara jin nauyin a gan shi tsugune gaban ƙwarya. Teburin mai shayi ya kafu a bakin kowace tasha da ƙofar kowace ma'aikata, da burodi da bota da ƙwai. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, hanin bai wuce 'yan shekaru ba aka janye shi, don baki ya riga ya saba. Daga tsakiyar shekarun 1990, da aka fara yin Indomie a Ota, mai shayi ya ƙara kasko a gefen butarsa.

Ba na zagin mai shayi. Ya ciyar da ɗalibai da direbobi da 'yan ci-rani a lokutan da babu ƙofar gidan da ke buɗe, kuma sana'arsa ta rufa asirin mutane masu yawa. Abin da ke damuna shi ne cima ta canza a daidai lokacin da ƙafa ta daina aiki. Tela a kasuwar Kurmi a da, daga unguwarsu yake takowa, ya taka zuwa masallaci, ya taka zuwa gaisuwar mutuwa a wata ƙofa. Sai acaɓa ya zo a ƙarshen shekarun 1980, bayansa A Daidaita Sahu, har ya zama tafiyar da ba ta fi jifa ba sai an tsayar da abin hawa. Jikin da ke zaune a shagon Kantin Kwari daga safe zuwa magariba yana karɓar farin burodi da shayi mai sukari cokali huɗu da safe, farar shinkafa da lemon kwalba da rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babba, in da hali ma rabin haka, alhali kwalbar lemo mai santilita 50 kan ɗauki kusan wannan adadi ita kaɗai. Ta kuma ce babba na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, abin da kawuna ke yi kafin hantsin rana ɗaya. A cikin sa'o'ina, abokan makaranta da na ofis, yanzu hirar maganin hawan jini da gwajin sukari ta zama ta yau da kullum, mu da ba mu tsufa ba.

Me fura ta fi burodi da shi? Geron da aka surfa da turmi ba ya rabuwa da dusarsa gaba ɗaya, saboda haka yana narkewa a hankali, ba ya ɗaga sukarin jini farat ɗaya yadda farar fulawa ke yi, kuma yana riƙe ciki. Yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Nono na kawo abin gina jiki da na ƙarfafa ƙashi, kuma da yake ya yi tsami, cikin da ba ya karɓar ɗanyar madara sau da yawa yakan karɓe shi. Duk da haka fura hatsi ce. Mai ciwon sukari ba zai cika kwano ya ce magani yake sha ba, dole ya auna, ya kuma bi maganar likitansa. Mai zaman ofis ma ba zai sha irin ta mai huɗa ba. Sannan akwai maganar tsafta: nonon da ba a tafasa madararsa ba yana iya ɗauko cutar tarin fuka ko ta bakkale daga saniya, ruwan da aka dama da shi kuma in ba mai kyau ba ne yana kawo taifot.

Fura ta dawo birni a 'yan shekarun nan, kuma na yi murna. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, bisa shawarar Indiya, ga Nijar da Nijeriya suna cikin manyan masu noma shi a duniya. A Kano da Kaduna da Abuja shagunan fura sun cika titi, da firji da injin markaɗe, yawancinsu kuma a hannun maza. Sai dai wadda ake damawa a can sau da yawa ba ta kakata ba ce. Yogot ne da aka riga aka zuba wa sukari, a ƙara wani sukarin, a tsiyaya madarar gwangwani mai kauri, a jefa kwakwa da inabi, a miƙo maka a kofin roba da daddare bayan ka ci tuwo. Furar rana ta koma kayan zaƙi na bayan isha'i. Kakata sukari ba ya shiga ƙwaryarta sai ranar salla ko in an yi baƙo, yaji da tsamin nono su ne ɗanɗanon.

Abin da ya sauƙaƙa shi ne aikin turmi. Inji na surfe, inji na niƙa, kirɓi kaɗai ya rage wa hannu. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da ke yin dawo a gida, ana kiranta a waya, ɗanta ya kai ofisoshi da shaguna kafin azahar. Wurinta nake saye na sa a firji, ya yi mini kwanaki. Nono kuwa wurin wata dattijuwar Bafulatana da ke zama kusa da masallacinmu, wadda na tabbatar tana dafa madararta. Da farko takan ɗaga gwangwanin sukari ta ce, "Malam, a sa nawa?" in ce, "Inna, bar shi haka." Yanzu ta daina tambaya. Daga wurin aikina zuwa inda take tafiyar minti goma sha biyar ce, kuma da ƙafa nake zuwa in dawo.