Malami da Mai Rubuta Manhaja: Darasi Daga Wasan The Oregon Trail

A ƙarshen shekarar 1971, wasu ɗalibai uku na Kwalejin Carleton suna koyarwar gwaji a birnin Miniyafolis na Amurka. Don Rawitsch yana koyar da tarihi, yana neman yadda yara za su fahimci wahalar ayarin da suka yi ƙaura zuwa yammacin ƙasar a ƙarni na 19. Abokan zamansa, Bill Heinemann da Paul Dillenberger, malaman lissafi ne da suka iya rubuta manhaja. Shi ya kawo darasi, su suka mayar da shi wasan kwamfuta mai suna The Oregon Trail.

A ganina, sirrin ɗorewar wasan shi ne darasin yana cikin dokokinsa. Yaro ne zai raba kuɗinsa tsakanin shanu da guzuri da harsashi. In ya yi ganganci, yunwa ko cuta ta cinye masa ayari. Da Rawitsch ya kama aiki a wata hukuma mai suna MECC a 1974, sai ya koma ga rubuce-rubucen matafiyan wancan zamani, ya daidaita yawan aukuwar masifu da abin da suka ruwaito. Wannan aikin malami ne, kuma tun a tushe ake yin sa. Binciken da Habgood da Ainsworth suka wallafa a 2011 ya ƙarfafa wannan ra'ayi: yaran da aka saƙa musu lissafin rabawa cikin faɗan wani wasa mai suna Zombie Division sun fi koyo a kan waɗanda ake tsayar da wasa a yi musu tambayoyi.

Ba a ce malami ya wadatu da kansa ba. Shi kaɗai, yakan haifar da jarrabawa mai kiɗa, wadda yaro zai ajiye tun ranar farko. Mai manhaja ne ya san inda sha'awa ke yankewa. Haka kuma su biyun suna iya makancewa tare, domin an daɗe ana sukar yadda wasan The Oregon Trail ya nuna 'yan asalin ƙasar Amurka, har kamfanin Gameloft ya nemi shawarar masana tarihi daga cikinsu lokacin da ya sake fitar da wasan a 2021.

Saboda haka kiran malami bayan an gama aiki, don ya duba kurakuran rubutu, ba haɗin gwiwa ba ne. Duk hukumar da za ta ba da kwangilar wasan koyarwa, ta sharɗanta zaman malamin aji a teburin tsarawa tun ranar farko, ta kuma biya shi ladan aikinsa.