Ƙofa da Iso: Tarihin Tsaron Shiga a Ƙasar Gwandu

Tsarin da ke tantance wanda zai shiga wuri da wanda zai tsaya a waje ya daɗe a ƙasar Kabi, domin tun a ƙarni na 16 sarkinta Kanta ya kewaye babban birninsa na Surame da ganuwar duwatsu, wadda kufanta ke nan har yau. Ganuwa, wato katangar da ke zagaye gari, ba ta da amfani sai da ƙofa, ƙofa kuma ba ta da amfani sai da mai tsaronta, saboda haka a biranen Hausa irin su Kano da Katsina da Zariya ake naɗa Sarkin Ƙofa, wanda ke rufe ƙyaure idan dare ya yi, ya buɗe shi da asuba, ya kuma kai rahoton duk wani baƙon da bai yarda da shi ba. Tarihin Gwandu ya nuna cewa ƙarfin wannan tsari ya fi dogara ga sanin mutum da samun wanda zai tsaya masa fiye da kaurin katanga ko nauyin sakata.

Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya mayar da zamansa Gwandu a shekarar 1805, bayan ƙanensa Malam Abdullahi ya ci Birnin Kebbi, garin Gwandu ba shi da ganuwa. A ƙarshen wannan shekara haɗakar Gobirawa da Abzinawa da Kabawa ta karya rundunar jama'ar Shehu a Alwasa, ta biyo su har Gwandu, inda aka yi kwanaki ana gwabzawa kafin a kore ta, kuma tuddan duwatsun da ke kewaye da garin ne suka zame wa jama'ar kariya. Wannan tsallake rijiya da baya shi ya sa Muhammadu Bello ɗan Shehu ya fara gina wa garin ganuwa a 1806. Daga nan Gwandu ta zama ribaɗi, ma'ana gari mai katanga da ake zaunar da mayaƙa da malamai a cikinsa domin tsaron iyaka, kuma bayan raba ragamar mulkin daular da Shehu ya kafa a 1812 ta zama cibiyar sashen yamma, wadda jakadun Nufe da Ilori da Yawuri da Liptako ke zuwa da saƙo da gaisuwa.

Ƙofar da ta fi kowace shahara a tarihin gidan Gwandu kuwa a Sakkwato take. Masana tarihi sun ruwaito cewa da Shehu ya rasu a 1817, Malam Abdullahi ya taso zuwa Sakkwato, sai ya tarar an rufe ƙofar birni, an kuwa riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, sai ya juya ba tare da ya shiga ba. Rufe ƙofa a gaban ƙanen Shehu, wazirinsa kuma ɗaya daga cikin manyan kwamandojin yaƙinsa, hukunci ne na siyasa da aka zartar da ƙyaure ba tare da an furta kalma ba, kuma ɓacin ran da ya haifar bai gushe ba sai wajen 1820, lokacin da Bello ya kawo wa baffansa ɗauki a yaƙin Kalambaina, suka sulhunta, Abdullahi ya yi masa mubaya'a. Abin lura shi ne cewa waɗannan shugabanni sun fito ne daga tafarkin da ya ɗauki toshe ƙofa a matsayin laifin mai mulki, tun da a cikin littafin Kitabul Farƙi an lissafa hana mabuƙata kaiwa ga sarki a jerin halayen da ake zargin sarakunan da aka yaƙa da su. Ke nan daular ta gaji nauyi biyu masu jan juna, wato tsare gari daga maƙiyi da barin hanya a buɗe ga mai ƙara, kuma ba kullum ake iya sauke su tare ba.

A cikin gari, matakan shiga sun bi fasalin ginin gida. Zaure, ɗakin farko mai ƙofa biyu da ke fuskantar hanya, shi ne iyakar baƙo namiji, a nan zai yi sallama ya jira, sai an amsa masa sannan ya san matsayinsa, kuma wannan al'ada tana da tushe a Suratun Nur, inda aka umurci muminai da neman izni kafin shiga gidan da ba nasu ba, da kuma hadisin da ya iyakance neman iznin ga sau uku. A fada abin ya fi haka tsawo, domin zaure yana bin zaure, dogarai suna tsaye, mai son ganin sarki kuma dole ya nemi iso, wato wani bafade ya shiga ya faɗi sunansa da buƙatarsa, ya dawo masa da amsa, yayin da cikin gida, wurin mata, jakadiya ce kaɗai ke kai saƙo ta komo. Wanda ke riƙe da iso yana riƙe da iko na gaske, tun da yana iya gaggauta shi ko jinkirta shi.

Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ɗanɗani wannan tsari a Gwandu a 1853, a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. An bar shi ya shiga gari, an ba shi masauki, amma Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi, wanda ya yi mulki daga 1833 zuwa 1858 kuma ya shahara da keɓewa da gudun duniya, bai yarda ya gan shi ido da ido ba, saboda haka duk wata magana da kyauta sai ta hannun masu shiga tsakani, waɗanda Barth ya koka da yadda suka matsa masa. Wucewar ƙofar birni da samun ganin sarki izni ne biyu daban, kuma a lokacin wannan jira ne aka ba shi aron kwafin Tarihus Sudan, littafin tarihin Songhai, ya kwafi sassa masu yawa daga cikinsa, abin da ya zama ribar zamansa a garin. Tsaurin da ya tarar yana da dalili, domin tun daga 1849 Kabawa a ƙarƙashin Yakubu Nabame suka tayar da yaƙi daga Argungu, hanyoyin yamma suka zama masu hatsari, ribaɗai irin su Ambursa suka ƙara muhimmanci, har Sarkin Gwandu Haliru ya rasa ransa a fagen fama a 1860, ba a kuma sami sararawa ba sai da sulhun da ake kira Lafiyar Toga a 1867.

Fatake, waɗanda ke bi ta kasuwar Jega a kan hanyar goro zuwa Gwanja, suna da nasu tsarin rajista, ko da yake ba a takarda yake ba. Ayari yakan sauka a zango, madugu ya kai gaisuwa ga mai gari, kowane baƙo kuma ya sami mai masauki, mutumin gari wanda zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma amsa tambaya a kansa idan rigima ta taso, kamar yadda har yau ake kai sabon baƙo gaban mai unguwa kafin ya zauna. Wannan lamuni shi ne ainihin mabuɗin shiga, kuma ya fi ganuwa tsawon rai.

Zuwan Turawan Ingila a 1903 ya kawo ƙarshen aikin ganuwa, kuma bayan rikicin Satiru na 1906 fadar masarautar ta tabbata a Birnin Kebbi, sai garin Gwandu ya kasance wurin ziyara, inda hubbaren Malam Abdullahi yake. Tsaron shiga ya tashi daga ƙofar gari ya koma ƙofar ma'aikata, maigadi da littafin baƙi suka gaji Sarkin Ƙofa. A Kalgo, garin da ke kudu da Birnin Kebbi a mararrabar hanyar Jega da ta Bunza, an ga sabon salon abin bayan kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta na dindindin yake kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, inda katin shaida ke bambanta ɗalibi da ma'aikaci da baƙo. A manyan birane kuma an sami wuraren aiki na haɗaka, wato ofisoshin da mutane masu sana'o'i daban-daban ke biyan kuɗin wata su yi amfani da tebur da lantarki da intanet tare, inda ƙofa ke buɗewa da kati ko lambar sirri ko zanen yatsa, kwamfuta kuma ta rubuta lokacin shigar kowa da fitarsa.

Na'urar ta fi maigadi riƙe lissafi, ba ta barci, ba ta kuma karɓar na goro, amma iyakar saninta shi ne ko an biya kuɗi ko ba a biya ba, kuma idan wuta ta ɗauke, abin da ba baƙo ba ne a jihar Kebbi, sai an koma ga mutum. Duk wanda zai kafa irin wannan wuri a Gwandu ko Kalgo ya kamata ya haɗa katin da abin da mutanen yankin suka riga suka sani, wato kowane sabon mamba ya zo da wanda zai tsaya masa, a kuma ajiye mutum a bakin ƙofa wanda mai buƙata zai iya yi wa sallama ya sami amsa.