Yadda Bindigar Mutanen Amurka Ta Sauko Daga Kafaɗa Ta Shiga Aljihu

A cikin ƙasashen duniya duka babu inda talakawa suka tara bindigogi kamar Amurka. A shekarar 2018 wata ƙungiyar bincike ta birnin Geneva, mai suna Small Arms Survey, ta ƙiyasta cewa bindigogin da ke hannun farar hula a can sun kai miliyan 393, watau sun fi mutanen ƙasar yawa. Baƙo in ya ji haka sai ya zaci tun fil azal kowa da makaminsa a ƙugu yake yawo. Amma bindigar da kakanninsu suka sani doguwa ce, ta farauta da yaƙi, wadda ake saɓawa a kafaɗa kowa na gani. Wanda ya ɓoye makami cikin riga kuwa, a wancan zamani mugu ake ɗaukarsa. Sai da aka yi wajen shekara 200 kafin al'amarin ya juye. A duk tsawon wannan lokaci abu guda ne bai sake ba, shi ne galibi a gida yaro ke fara riƙe bindiga, a hannun ubansa ko kakansa.

Asalin abin tun zuwan Turawan Ingila ne, waɗanda suka kafa garin Jamestown a ƙasar Virginia cikin 1607. Sun tarad da daji mai yalwar nama, ga kuma mutanen ƙasar na asali waɗanda ba su yarda a ƙwace musu ƙasa ba, ga shi babu rundunar soja da za ta tsare baƙin. Saboda haka sai hukuma ta ɗora wa magidanta nauyin tsaron gari. A 1619 majalisar Virginia ta yi doka cewa duk mai makami ya zo da shi coci ran Lahadi, har da albarushi da harsashi. A 1640 kuma aka yi wata doka ta cewa a ba kowa makami, ban da baƙar fata. Tun daga nan aka raba wanda ya cancanci riƙe bindiga da wanda bai cancanta ba, kuma wannan rabo ya daɗe yana bin ƙasar.

Yaƙin neman 'yancinsu ma a kan makamai ya tashi. Daren 18 ga Afrilu 1775 sojan Sarkin Ingila suka fita daga Boston don su kwashe makaman da mutane suka tara a garin Concord, sai manoma suka tare su da bindigoginsu. Da aka ci yaƙi aka rubuta tsarin mulki, sai a 1791 aka ƙara masa gyare-gyare goma. Na biyunsu ya ce tun da yake ƙasa mai 'yanci tana bukatar dakarun sa kai masu tsari, ba za a tauye wa jama'a haƙƙin ajiye makami da ɗaukarsa ba. A 1792 doka ta wajabta wa kowane Bature lafiyayye, daga mai shekara 18 zuwa 45, ya shiga cikin dakarun nan, ya kuma nemi bindigarsa da kansa. To, bindigar da aka saya don fita fareti ita ce ke rataye a ɗaki sauran kwanakin shekara, da ita ake harbin barewa da zomo, da ita kuma ɗa ke koyon ɗuri da saiti kafin sunansa ya shiga littafi.

Ɓoyayyen makami kuwa hukuncinsa dabam ne. A farkon ƙarni na 19 faɗan wuƙa da ƙaramar bindiga ya yawaita a jihohin kudu, abu kaɗan sai mutum ya zaro makami daga ƙarƙashin riga. A 1813 jihohin Kentucky da Louisiana suka hana yawo da makami a ɓoye, daga baya Indiana da Georgia da Virginia da Alabama suka bi sahu. A 1822 wata kotu a Kentucky ta soke dokar, a shari'ar wani mutum da aka kama da takobi ɓoye cikin sanda. Mutanen jihar ba su haƙura ba, sai da suka gyara tsarin mulkinsu a 1850 don majalisa ta sami ikon hanawa. A wannan shekarar ce babbar kotun Louisiana ta bayyana dalilin irin wannan doka. Ta ce mai ɗauke da makami a fili ya yi wa abokin gabansa gargaɗi, sun zama daidai, amma mai ɓoyewa mamaya yake nema da kisan gilla irin wanda bai dace da namiji ba.

Sai dai maƙera ba su jira alƙalai ba. A 1836 Samuel Colt ya yi rajistar libarbarsa, wadda ake harbawa sau da yawa ba a sake ɗuri ba. Wani maƙerin Philadelphia kuma, Henry Deringer, ya shahara da wata 'yar bindiga da tafin hannu ke iya rufewa. Da irinta John Wilkes Booth ya harbe Shugaba Abraham Lincoln a gidan wasan kwaikwayo ran 14 ga Afrilu 1865. Ko a garuruwan makiyaya na yamma, waɗanda sinima ke nunawa kamar babu doka, akwai doka. A Dodge City da Tombstone an hana yawo da bindiga cikin gari, baƙo in ya iso sai ya ba da tasa ajiya. Shahararren faɗan nan na Tombstone na watan Oktoba 1881, wanda mutum uku suka mutu a ciki, ya tashi ne sa'ad da masu tsaron doka suka je karɓe bindigogin waɗansu makiyaya da suka ƙi bin wannan ƙa'ida.

A 1911 jihar New York ta kafa dokar da ake kira ta Sullivan, wadda ta ce ba mai mallakar ƙaramar bindiga sai da lasin. Jihohi da yawa suka ɗauki irin wannan hanya, aka bar wa 'yan sanda ko alƙalai su ba wanda suka ga dama, su hana wanda suka ga dama. A nan ne tsohon rabon nan ya sake fitowa. A 1956, bayan an jefa bam a gidansa a Montgomery ta jihar Alabama, Martin Luther King ya nemi izinin ɗaukar bindiga don ya tsare iyalinsa, aka hana shi. Masu neman a sassauta doka sun riƙe irin wannan labari hujja, suna cewa izinin da ke hannun mai iko na masu uwa a gindin murhu ne.

A zamanin nan duka, bindigar gida ta farauta ce. Ƙungiyar masu bindiga da aka fi sani da NRA, waɗansu tsofaffin hafsoshi ne suka kafa ta a 1871, don sun ga sojansu ba su iya saiti ba a yaƙin basasa. Koyar da harbi shi ne aikinta. Har a 1934 shugabanta, Karl Frederick, ya gaya wa majalisar ƙasa cewa shi bai yarda kowa ya riƙa yawo da bindiga barkatai ba, ya kamata a taƙaita abin ƙwarai, a kuma sa lasin. 'Yan kasuwa su ma sun gane inda ciniki yake. A 1918 kamfanin Winchester ya kafa ƙungiyar koya wa yara harbi, kamfanin Daisy kuma ya cika gidaje da bindigar iska ta yara. Al'adar ta zama kamar matakala. Yaro ya fara da bindigar iska, ya hau kan 'yar ƙaramar bindigar harbin zomo, ran da ya isa kuma uba ya tafi da shi dawa farautar barewa. Tare da bindigar ake ba shi ladubbanta: ya ɗauka kullum a ɗure take, kada ya nuna bakinta ga abin da ba ya nufin harbi, kada yatsa ya taɓa kunama sai an yi saiti. A 1949 New York ta fara wajabta wa sabon maharbi koyon waɗannan ƙa'idodi kafin a ba shi lasin farauta.

Juyin ya soma ne a shekarun 1960. A 1963 aka kashe Shugaba Kennedy da bindigar da makashin ya yi oda ta gidan waya. A 1968 aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, majalisa ta yi sabuwar doka ta tsananta cinikin bindiga. Fashi da kisan kai kuwa sai ƙaruwa suke yi a birane, mutane kuma suna ta barin ƙauye, farauta tana ja da baya. Masu bindiga da yawa suka tsorata ta fuska biyu, ga tsoron ɗan fashi, ga tsoron kada gwamnati ta ƙwace musu abin da suka gada. A taron NRA na 1977 a Cincinnati masu wannan ra'ayi suka ture tsofaffin shugabanni, suka naɗa Harlon Carter, ƙungiyar ta koma ta siyasa sosai.

A 1987 jihar Florida ta kafa doka cewa duk baligin da ba shi da tabon laifi, ya kuma yi ɗan horo, tilas a ba shi lasin ɗaukar bindiga a ɓoye, ba sai ya faɗi dalili ba. Matar da ta tsaya kai da fata har dokar ta tabbata, Marion Hammer, a gonar kakanninta ta tashi, a can ta koyi harbi tun tana yarinya, ita ce kuma mace ta farko da ta shugabanci NRA a 1995. Jihohi suka yi ta kwaikwayon Florida, har Illinois ta zama ta ƙarshe da ta buɗe ƙofa a 2013. Waɗansu ma suka zarce, suka soke lasin ɗin ɗungum, kamar yadda Vermont take tun da. Alaska ta yi haka a 2003, Arizona a 2010, kafin ƙarshen 2023 kuwa fiye da rabin jihohin nan 50 sun bi. Kotun Ƙoli ita ma ta sa hannu. A 2008 ta yanke cewa haƙƙin nan na 1791 na kowane mutum ne a kan kansa, ko ba ya cikin dakaru. A 2022 kuma ta soke sharaɗin New York na sai mutum ya nuna dalili na musamman kafin a ba shi izinin fita da bindiga.

Ƙididdiga ta nuna yadda zukata suka sake. A wani jin ra'ayi na 1999, kashi 49 cikin 100 na masu bindiga sun ce don farauta suka ajiye ta, kashi 26 don tsaron kai. Da cibiyar bincike ta Pew ta sake tambaya a 2013, masu cewa tsaron kai sun kai kashi 48, masu farauta sun sauko 32. Amma da ta bi asalin masu bindigar a 2017, sai ta tarad da kashi biyu cikin uku a gidan da ke da bindiga suka tashi. Mazan da suka tashi a irin wannan gida, galibi suna wajen shekara 12 suka fara harbi. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ya bambanta shi ne irin gadon. Kakan ya bar doguwar bindiga da ake saukewa lokacin farauta, a goge a mayar. Jikan kuwa tasa ƙarama ce, a ɗure take dare da rana, tana ƙugu ko cikin mota ko kusa da gado, gama makamin da aka ajiye don ɓarawo ba ya amfani in yana nesa.

Ko wannan ya ƙara wa ƙasar lafiya, malamai sun yi ta jayayya. John Lott ya wallafa littafi a 1998 yana cewa yawan masu ɗauke da bindiga yana rage laifi. Wani kwamitin masana na ƙasa ya duba hujjojinsa a 2004, ya ce ba su isa a yanke hukunci ba. John Donohue da abokan aikinsa kuma a 2019 suka ce sun ga laifin ta'adi ya ƙaru a jihohin da suka sassauta. Mafi yawan masu lasin dai har su tsufa ba sa harbin kowa. Amma lissafin gawa ba a jayayya a kansa. A 2021 bindiga ta kashe mutum 48,830 a Amurka, 26,328 daga cikinsu su suka kashe kansu. A 2020 kuwa bindiga ta wuce haɗarin mota, ta zama babban abin da ke kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19.

Shi ya sa a ƙarshe shari'a ta waiwayi gidan da abin ya faro. A watan Nuwamba 2021, a garin Oxford na jihar Michigan, wani yaro mai shekara 15 ya harbe 'yan makarantarsu huɗu da ƙaramar bindigar da ubansa ya saya masa kyauta 'yan kwanaki kafin nan. A 2024 kotu ta sami uban da uwar da laifin kisa ba da niyya ba, don ba su kulle bindigar ba, ba su kuma kula da alamun damuwar ɗansu ba. Aka ɗaure kowannensu shekara 10 zuwa 15. Wannan ne karo na farko a Amurka da aka hukunta iyaye haka saboda harbin da ɗansu ya yi a makaranta. Dokar 1792 ta umurci magidanci ya ajiye bindiga a gidansa. Bayan shekara 232 kotu ta gaya masa cewa wanda ya miƙa wa ɗansa ita, shi ma za a tambaye shi abin da aka yi da ita.